Tsofaffin Bindigogin Zazzau: Yadda A Ke Gane Su, Da Tara Su, Da Adana Su

Maƙasudin Wannan Bayani

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da Malamansu, musamman na ƙasar Zazzau, a kan tsofaffin bindigogi na ƙarni na 19 waɗanda har yanzu a kan samu a gidajen sarauta da gidajen zuriyar mayaƙa. Waɗansu suna rataye a zaure, waɗansu suna jingine a lungun soro, tsatsa tana cin ƙarfen, gara tana cin ƙotar. Waɗansu kuwa dillalai sun riga sun saye su da kuɗi kaɗan, sun yi gaba da su.

A ƙasashen Turai da Amurka tara irin waɗannan bindigogi abu ne sananne. Akwai masu kashe dukiya a kansa, akwai kuma gidajen tarihi da suka keɓe masa ɗakuna. Amma mai tarawa na can ƙarfe da ice kaɗai ya ke samu. Sunan wanda ya riƙi bindigar, da Sarkin da ya ba shi ita, da yaƙin da aka kai ta, duk suna nan a bakin dattawan gida, kuma dattawan nan suna ƙarewa. Ran da bindiga ta fita daga gidanta ba a rubuta labarinta ba, labarin ya tafi ke nan. Hakimi shi ne ya san gidajen ƙasarsa, Malaminsa kuma shi ke riƙe da alƙalami, saboda haka su ne suka fi kowa dacewa da wannan aiki.

Ƙofar Kuyambana

Ganuwar Zariya tana da ƙofofi sanannu, kamar Ƙofar Doka, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Bai, da Ƙofar Galadima, da Ƙofar Jatau, da Ƙofar Tukur-Tukur, da Ƙofar Kuyambana. Ita Ƙofar Kuyambana tana ɓangaren yamma, ana kuwa danganta sunanta da ƙasar Kuyambana wadda ke can yamma, wajen Birnin Gwari. Kuyambana kuma sunan sarauta ce ta yaƙi a tsohon tsarin Zazzau, mai riƙe da ita mataimakin Madawaki ne. Sa'ad da Malam Musa ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, suka tafi da tsarin sarautunsu. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, watau garin da a ke kira Suleja yanzu.

Yammacin Zariya yana da muhimmanci ga tarihin bindiga ta fuska biyu. Ta farko, akwai hanyar fatake da ta taso daga Nufe ta biyo ta Birnin Gwari ta iso Zariya, ta nan ne ma Bature Kilafatan ya biyo ya iso birnin a 1826. Nufe kuwa ita ce babbar ƙofar bindiga ga ƙasar Hausa. Ta biyu, daga wannan ɓangare ne hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, suka dami Zazzau a ƙarshen ƙarnin. Saboda haka Malamin da zai fara bincike cikin birni ba zai yi kuskure ba in ya fara da tsofaffin gidajen da ke unguwannin wannan ƙofa, sa'an nan ya zaga sauran ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.

Yadda Bindiga Ta Shigo Ƙasar Hausa

Barno ta riga ƙasar Hausa sanin bindiga. Mai Idris Aloma, a ƙarshen ƙarni na 16, ya yi yaƙi da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka koyar. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa.

Duk da haka bindiga ba ta yi yawa ba. Da baka da kibiya, da takobi da mashi, da doki da lifidi aka yi Jihadi. A 1826 Kilafatan ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gobir, mutane dubbai, amma bindigogin da ya ƙidaya cikinsu ba su kai hamsin ba.

Daga tsakiyar ƙarnin ne abin ya sake. Jiragen ruwan Turawa suka fara hawa Kwara suna ciniki a Lakwaja da Egga. Etsu Nufe Masaba, 1859 zuwa 1873, ya tara bindiga da albarushi mai yawa, ya kuma riƙe hanyar, ba mai samu a arewa sai abin da ya ga dama ya bari ya wuce. Hanya ta biyu ita ce ta hamada, daga Tarabulus. Ta nan Sarkin Damagaram Tanimu ya sami bindigogi, har ya sa maƙeransa suka zuba igwa a Damagaram. Daga baya Rabe ya zo daga gabas da sababbin bindigogi, ya ci Barno a 1893. Sarkin Kano Alu, 1894 zuwa 1903, ana yi masa laƙabi da Mai Sango, sango kuwa wani irin mashi ne da a ke ɗurawa a bindiga a harba.

'Yan Bindigan Zazzau

A zamanin Sarkin Zazzau Sambo Ningawa sun matsa wa ƙasa ƙwarai, suna kai hari har kusa da birni. Sarki Yero, wanda ya gaje shi, ya kafa ƙungiyar 'yan bindiga daga cikin bayin Sarki, suna ƙarƙashin ikonsa shi kansa. Wannan sabon abu ne, gama a da ƙarfin yaƙi yana hannun masu sarauta ne, kowa ya zo da dawakinsa da barorinsa. Da aka sami 'yan bindiga sai ƙarfi ya taru a fada. Da Yero ya rasu a 1897, ƙarfin 'yan bindigan nan yana cikin abin da ya tsaya wa ɗansa Kwasau har Wazirin Sakkwato ya naɗa shi. Baturen nan M. G. Smith ya kawo bayanin haka cikin littafinsa na sarautar Zazzau da aka buga a 1960.

Zamanin 'yan bindiga bai daɗe ba. Turawan Kamfani sun ci Bida a 1897. An ci Kwantagora a 1901. A 1902 Turawa suka ajiye soja a Zariya, Kyaftin Abadie ya zama Razdan, daga baya aka fitar da Kwasau aka kai shi Lakwaja, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Daga Zariya ne rundunar Kanar Morland ta tashi a ƙarshen Janairu 1903, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu. An shiga Sakkwato ran 15 ga Maris, aka yi yaƙin Burmi ran 27 ga Yuli. Bindiga mai ɗuri ta baki ba ta iya karawa da bindiga mai ruwa ba. Tun daga nan aikinta ya koma farauta, da tsaron gona, da bugawa ran hawan Salla.

Iri Uku Da Ya Kamata Malami Ya Bambanta

Mutane su kan haɗa tsofaffin bindigogi duka su ce bindigar toka ko adaka. Amma in an duba gefen dama, wurin da kunama ta ke, za a ga ba iri ɗaya ba ne.

Iri na farko ita ce mai ƙanƙara. Kunamarta tana da baki kamar awartaki, tana riƙe da ɗan dutsen ƙanƙara. A gabanta akwai wani ƙarfe a tsaye, ƙarƙashinsa kuma ɗan kasko inda a ke zuba albarushi kaɗan. In an harba, ƙanƙara ta bugi ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa kasko, wuta ta bi ta wata 'yar huda ta shiga cikin bututu. Shahararriyar bindigar sojan Ingila da su ke kira Brown Bess irin wannan ce, faɗin bakinta kashi uku cikin huɗu na inci. Dogayen bindigogin da 'yan kasuwa suka cika bakin teku da su, waɗanda Turawa ke dangantawa da mutanen Denmak, su ma masu ƙanƙara ne, mafi yawansu kuwa a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su.

Iri na biyu ita ce mai hula, ita ce kuma asalin maganar wannan bayani. Ba ta da kasko, ba ta da ƙanƙara. Kunamarta kamar guduma ta ke, tana faɗawa kan wani ɗan tsinin ƙarfe mai rami da ke gindin bututu. A kan tsinin nan a ke kifa wata 'yar hula ta jan ƙarfe, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, a cikinta akwai wani magani mai tashi da bugu. Kunama ta bugi hula, wuta ta bi ramin tsinin ta kai ga albarushi.

Iri na uku ita ce mai ɗuri ta gindi, wadda a ke buɗewa ta baya a sa harsashi haɗaɗɗe, kamar Snider da Martini-Henry. Su ma sun iso ƙasar nan a ƙarshen ƙarnin, amma hukuncinsu a wurin doka ya fi tsanani.

Asalin Mai Hula

Wani limamin Kirista na ƙasar Sikotilan, Alexander Forsyth, shi ya fara wannan dabara. Maharbin tsuntsaye ne, ya lura hasken kasko ya kan firgita tsuntsu kafin harsashi ya fita. Ya sami takardar mallakar dabararsa a 1807. Ita 'yar hular jan ƙarfe waɗansu ne suka fito da ita bayansa, ta yaɗu cikin shekarun 1820. A 1834 hukumar sojan Ingila ta yi gwaji a Woolwich, aka yi harbi 6,000 da kowane iri. Mai ƙanƙara ta ƙi tashi kusan sau dubu, mai hula kuwa sau 36 kaɗai. Ban da wannan, mai hula ba ta jin tsoron iska da yayyafi kamar mai ƙanƙara.

Ingila ta fito da samfurin 1839, wanda aka haɗa da kayan masu ƙanƙara, sa'an nan na 1842, bayan gobarar da ta cinye babbar ma'ajiyar makamai ta Tower a Landan a 1841. Faransa ma ta juya tsofaffin bindigoginta na 1822 zuwa masu hula, ta kuma yi sabon samfuri a 1842. Duk waɗannan cikin bututunsu sumul ya ke, ba a dogara da saitinsu in an wuce yadi ɗari.

Wadda ta fi su duka suna ita ce Enfield ta 1853. Cikin bututunta akwai zane a murɗe wanda ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, don haka ya kan tafi nesa bai kauce ba. Tsawon bututun inci 39 ne, faɗin bakin inci 0.577, zobba uku ne ke ɗaure bututun da ƙota, ma'aunin saitinta kuwa ya kai yadi 900. An yi yaƙin Kirimiya da ita. Jita-jitar cewa an shafa wa takardar harsashinta kitsen saniya da na alade tana cikin abin da ya tayar da boren sojan Indiya a 1857. A yaƙin basasar Amurka kuma, 1861 zuwa 1865, ɓangarorin biyu sun sayi dubban ɗaruruwanta.

Zamanin mai hula a wurin sojan Turai gajere ne, bai fi shekara talatin ba. A 1866 Ingila ta fara juya Enfield zuwa mai ɗuri ta gindi bisa dabarar Snider, a 1871 ta karɓi Martini-Henry. Sauran ƙasashe ma haka. Sai rumbunan gwamnatoci suka cika da bindigogin da ba a bukata, aka yi gwanjonsu, 'yan kasuwa suka saya suka nufo Afirka da su.

Amma a nan mai ƙanƙara ba ta rasa masoya ba. Ƙanƙara ana iya samunta, albarushi ana yinsa a gida, maƙeri kuma ya iya gyaranta. Hula kuwa sai an kawo daga waje, ran da ta ƙare bindiga ta zama sanda. Daɗin daɗawa, yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasel a 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogi na zamani, ta bar masu ƙanƙara marasa zane da albarushin kasuwa. Saboda haka ainihin bindigar soja mai hula ta ƙarni na 19 ba ta kai mai ƙanƙara yawa a ƙasar nan ba. In an sami ɗaya, abin lura ce.

Yadda A Ke Karanta Tambari

Maƙeran Turai ba su kan saki bindiga ba sai an buga mata tambari. Malami ya kai bindigar wurin haske, ya share ƙura da tsumma, ya duba wuri uku: farantin ƙarfe da kunama ke kai, da gindin bututu, da ƙota.

1. Kambin sarauta da haruffan VR ƙarƙashinsa alama ce ta zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901. GR kuwa na sarakunan da suka gabace ta ne masu suna Joji. Sau da yawa akwai kalmar TOWER ko ENFIELD da shekarar ƙira.

2. Alama mai kama da sawun kaza, watau kan kibiya, tana nuna kayan Gwamnatin Ingila ne. In tana tare da BO, ta riga 1855. In tana tare da WD, bayan nan ne. In an ga kan kibiya biyu suna fuskantar juna, to, soja sun sallame ta an sayar.

3. Sanduna biyu a gicciye ƙarƙashin kambi, da haruffan B, C, P, ko kuwa V, tambarin gidan gwajin bindiga ne na Birmingham, wanda aka kafa a 1813. An yi amfani da wannan tambari har 1904.

4. Haruffan E, L, G cikin da'ira mai siffar ƙwai da ɗan tauraro, tambarin Liyej ne. In akwai kambi a kan da'irar, an gwada bindigar a 1893 ko bayanta.

5. Siffar zuciya da haruffan V, E, I, C, ko zaki a tsaye, alamar Kamfanin Ingila ne da ya mulki Indiya har 1858.

6. Bindigar Faransa tana ɗauke da sunan gidan ƙira a rubuce, kamar St Etienne, ko Tulle, ko Mutzig, ko Châtellerault.

Sai dai a yi hattara. Kalmar TOWER kaɗai ba ta isa shaida ba, gama masu ƙera bindigogin kasuwa su kan buga ta don a saya. Kambi ba tare da VR da kan kibiya ba, mafi yawa ta kasuwa ce. Haka kuma akwai masu hula da asalinsu masu ƙanƙara ne aka juya su. Ana gane su da alamar wurin da aka yanke kasko, da ramukan ƙusoshi da aka toshe a jikin farantin. Akwai kuma bindigogin da maƙeran gida suka ƙera cikin ƙarni na 20 da bututun famfo ko sandar sitiyarin mota. Waɗannan ba su da tambari. Wata kuma haɗin gambiza ce, bututun Turai, ƙotar gida. Ba abin rainawa ba ce, shaida ce ta gwanintar maƙeran ƙasa, amma a rubuta ta yadda ta ke.

Haɗarin Da Ke Ciki

Kafin kome, a ɗauki kowace tsohuwar bindiga a kan tana ɗure. Mutanen da su kan ɗura su rataye don shirin ko-ta-kwana, mai ita ya rasu, magada ba su sani ba. Albarushin da bai jiƙe ba ya kan tashi ko bayan shekara ɗari. Saboda haka kada a nuna bakinta ga mutum, kada a ja kunama, kada a leƙa cikin bututu, kada a kai ta kusa da wuta, kada kuma a bar yara su taɓa.

Ga yadda a ke ganewa. A juya bakin inda ba kowa, a sami siririyar sanda ta ice, a zura a hankali har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin bututu. Sa'an nan a zaro ta a shimfiɗa a bayan bututun daga waje, alamar tana daidai baki. In ƙarshen sandar ya kai wurin tsinin hula ko hudar kasko, ba kome ciki. In ya rage inci ɗaya ko fiye, akwai abu a ciki. To, a nan aikin Malami ya tsaya. Kada a kai wa maƙeri ya gasa, kada a ce za a buga don a fitar. A ajiye ta a ɗakin da a ke kullewa, a sanar da 'yan sanda.

Bindigar da ta haura shekara ɗari ba ta harbi ba ce kuma, ko da ran Salla. Tsatsa tana cin bututu daga ciki inda ido ba ya gani, in ya fashe kuwa hannu da fuskar mai harbi ya ke fara samu. Rigakafi ya fi magani.

Yadda A Ke Adanawa

Abokan gāban tsohuwar bindiga huɗu ne: laima, da gara, da gumin hannu, da mai son gyara. Na ƙarshen nan ya fi ɓarna. Mutum ya kan ga tsatsa ya ɗauko yashi ko toka ko magagari ya goge har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya shafe tambarin da ke faɗin asalinta, ya bi ƙota da fenti. Wanda ya yi haka ya zubar da darajarta a wurin masana da masu tarawa baki ɗaya.

Abin da ya kamata kaɗan ne. A share ƙura da busasshen tsumma mai laushi. A shafa wa ƙarfe man keken ɗinki kaɗan, a goge ragowar. Ƙota kuwa kakin zuma kaɗan ya ishe ta, kada a jiƙa ta da mai. Kada a kwance ƙusoshi. Kada a jingina ta da bangon ƙasa ko a ajiye ta a daɓe, a ɗora ta kan maratayi biyu na ice nesa da inda rufi ke yoyo. Kada a naɗe ta cikin leda ko fata, gama suna riƙe laima. A duba ta sau biyu a shekara, da faɗuwar damina da kuma bayan kaka.

Abin da mutanen gida suka ƙara mata, kamar laya, ko wuri, ko ƙusoshin tagulla, ko ɗanyar fata da aka naɗe bututu da ita, ko rubutun ajami, kada a cire ko ɗaya. Su ne suka mai da ita bindigar Zazzau. Haka nan a ajiye tare da ita duk abin da aka same ta da shi: sandar ɗuri, da banati, da ƙahon albarushi, da jakar harsashi.

Abin Da Malami Zai Rubuta

Ya kamata kowane ofishin Hakimi ya ware littafi guda. Kowace bindiga a ba ta lamba, a rubuta lambar a 'yar takarda a ɗaura da zare, kada a ƙarce a jikinta. A ƙarƙashin lambar a rubuta:

1. Gari da unguwa da gidan da ta ke, da ranar da aka gan ta.
2. Irinta: mai ƙanƙara, ko mai hula, ko mai ɗuri ta gindi, ko juyayya.
3. Tsawonta duka, da tsawon bututu, da faɗin baki, da yawan zobba.
4. Kowane tambari da rubutu, a zana shi yadda ya ke ko ba a gane shi ba.
5. Lafiyarta: tsatsa, ko karaya, ko abin da ya ɓace.
6. Labarinta: wa ya fara riƙe ta, wace sarauta gare shi, a zamanin wane Sarki, daga ina ta zo, wane yaƙi ta je, da kirarinta in tana da shi.
7. Wanda ya ba da labarin, da shekarunsa, da wanda shi kuma ya ji daga gare shi.

Malami ya rubuta abin da aka faɗa masa ba ƙari ba ragi. In dattawa biyu sun saɓa, ya rubuta maganar kowa. In gida sun ce bindiga ta je yaƙin Jihadi alhali tambarinta ya nuna 1862, ya rubuta duka biyu, kada ya kunyata mai gida, gama ta yiwu labarin na wata bindiga ce da ta riga wannan. A ɗauki hoto ta gefe biyu, da na tambari daga kusa. Littafin kuwa a tsare shi, kada ya zama jagora ga ɓarayi da dillalai.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokoki biyu ne suka shafi wannan al'amari. Ta farko ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta kasa bindigogi kashi uku, ta sa masu ɗuri ta baki a kashinsu dabam. Kada mai gida ya ɗauka tsufan bindiga ya isa ya fitar da ita daga hukunci. A tambayi ofishin 'yan sanda, a faɗa masu irinta, da ko akwai zane cikin bututunta, a bi abin da suka ce game da lasisi.

Ta biyu ita ce dokar kayan tarihi. An fara yinta a 1953, shekara guda bayan buɗe gidan tarihi na Jos. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Bisa ga wannan doka, kayan ƙirar ƙasa da aka yi kafin 1918, har da makamai, kayan tarihi ne. Ba a sayar da su sai ga wanda Hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da su daga Nijeriya sai da takardar izininta. In bindiga ƙirar waje ce, a nemi Hukumar ta duba ta kafin a yi maganar ciniki. Hukumar tana da gidan tarihi a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da Jos.

Rubuta bindiga a littafin Hakimi ba ƙwace ba ne, kayan gado na magada ne. Ya kamata Hakimi ya bayyana wa Dagatai da Masu Unguwa haka sarai, don kada tsoro ya sa mutane su binne bindigoginsu ko su jefa a rijiya. Gidan da ba su iya adanawa suna iya kai wa fada ko gidan tarihi, kyauta ko ajiya, a ba su takardar shaida, a rubuta sunan kakansu a jikin abin. In kuwa baƙo ya zo gari yana cigiyar tsofaffin bindigogi da takubba da sulke, Mai Unguwa ya kai shi gaban Hakimi, a tambaye shi takardarsa.

Kammalawa

Aikin da a ke nema ga Hakimi da Malaminsa bai wuce huɗu ba: a nemo, a tabbata ba ɗuri, a rubuta, a adana. Ba ya bukatar kuɗi sai littafi da ma'auni da ɗan mai. Abin da ya ke bukata shi ne hanzari, gama jikokin 'yan bindigan Yero da Kwasau, waɗanda suka ji labari daga bakin waɗanda suka gani, kaɗan ne suka rage. A fara da dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwa, a je masa da ladabi, a zauna a saurara.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya, amin.